Tarihin Acaɓa da Hukuma a Ikko

 

A ɗakin da muke kwana a bayan kasuwar Mile 12 akwai wata hular kwano rataye a jikin ƙusa, yau shekaru ke nan ba wanda ya taɓa ta. Ta ɗan baffana ce, wanda nake kira Yaya. Ya zo Legas ci-rani a 2018 daga ƙauyenmu a ƙasar Haɗejiya, ya yi dako a rumfar mahaifina na wani lokaci, daga baya ya karɓi babur ƙirar Bajaj a hannun wani mutum bisa sharaɗin zai riƙa biya duk mako har ya zama nasa. Saura wata uku ya gama biya aka ƙwace babur ɗin a wajen Ketu, a ƙarshen 2022. Ya dawo gida a ƙafa da hular a hannu, ya rataye ta, ya ce da mahaifina, "Baffa, ni dai na gaji, gida zan koma." Gidan ma a shekarar ambaliya ta cinye gonakin yankinmu.

Tun daga ranar nake tambayar kaina, wai yaushe aka fara wannan rigima tsakanin babur da hukuma a garin nan? Ni ba ɗan jami'a ba ne, sakandare na gama na shiga rumfar tattasai da attaruhu. Amma na tambayi dattawa, na karanta abin da na samu, kuma wani ɓangaren a gaban idona ya faru. Abin da na fahimta shi ne, a Ikko abin hawa ne ke fara zuwa, doka ta biyo baya a makare, kuma in ta zo ba ta san komai ba sai hani. Bari in kawo muku yadda abin ya taso.

Mahaifina ya sauka Legas a farkon shekarun 1980 a bayan motar kaya. Ya ce a lokacin in ka ga mutum a kan babur, to nasa ne, ko malamin makaranta ko ma'aikaci. Abin hawan talaka shi ne molue, wato doguwar bas mai launin ɗorawa da ake cusa mutane har bakin ƙofa, sai kuma danfo, ƙaramar bas ɗin nan da aka fara da Volkswagen. Ya ce a cikin molue ana wa'azi, ana tallan maganin basir, ana yanke aljihu, duk a tafiya ɗaya. Tun a lokacin gosulo ya riga ya zama ciwon garin. A 1977 gwamnatin soja ta kawo dokar lamba, wadda ta ce motoci masu lambar mara su shiga manyan tituna a wasu ranaku, masu lambar cika su shiga a wasu. Masu kuɗi suka sayi mota ta biyu mai ɗaya lambar, aka koma gidan jiya. Ka ga tun daga nan aka fara: hukuma ta toshe ƙofa, jama'a su ɓullo ta taga.

Wanda ya so ya kamo bakin zaren shi ne Gwamna Lateef Jakande. A 1983 ya ƙaddamar da aikin jirgin ƙasa na cikin gari. Soja suka yi juyin mulki a ƙarshen shekarar, kuma a 1985 gwamnatin Janar Buhari ta soke aikin. Mai karatu ka riƙe wannan shekarar, don za mu dawo kanta.

Sai ga shirin SAP na Janar Babangida a 1986. Darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, kayan gyara suka yi tsada, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata. Motocin haya suka ragu a daidai lokacin da garin ke ƙara faɗi zuwa unguwannin da ba su da kwalta. Mutumin da aka sallama daga aiki, yana da tsohon babur a gida, ga maƙwabta na neman wanda zai fitar da su bakin titi, me kake jin zai faru? Haka sana'ar ta kafu, ba wata gwamnati da ta tsara ta. Sunan okada ma jama'a ne suka raɗa, daga kamfanin jirgin sama na Okada Air na Cif Gabriel Igbinedion, wanda shi kuma ya ɗauko sunan garinsu Okada da ke jihar Edo a yau. Wai babur na ratsa gosulo kamar jirgin sama. Mu a Arewa muka ce acaɓa, wasu su ce kabu-kabu, wasu su ce goyin. Da baburan Caina irin su Jincheng suka shigo da araha, daga baya Bajaj na Indiya ya biyo, sai abin ya zama ruwan dare.

Wani abin da mutane ke mantawa shi ne, ita kanta hukuma ta taɓa raba irin waɗannan ababen hawa da hannunta. Buba Marwa, ɗan Adamawa da ya yi gwamnan soja a Legas daga 1996 zuwa 1999, shi ya shigo da babur mai ƙafa uku, shi ya sa har gobe Yarbawa ke ce masa Keke Marwa. Gwamnatin Obasanjo ta kafa hukumar yaƙi da talauci ta NAPEP a 2001, ta yaɗa shi a ƙasa baki ɗaya, ya samu sunan Keke NAPEP. A Kano kuma aka ce masa A Daidaita Sahu a zamanin Malam Shekarau. 'Yan siyasa kuwa duk lokacin zaɓe sai su jera babura a fili su raba wa matasa da sunan tallafi. A raba maka yau a ɗauki hoto, gobe a ce kai ne matsalar gari.

To yaya aka yi 'yan uwanmu suka yi yawa a sana'ar nan a Legas? Ci-rani tsohuwar al'ada ce, kowa ya sani. Da can mai zuwa Kurmi dako yake yi, ko gadi, ko ga-ruwa, ko gyaran takalmi. Babur ya fi su duka kawo kuɗi, kuma ba ya bukatar ka iya Turanci ko Yarbanci sosai. Amma akwai dalili na biyu, wato hanin da aka riƙa yi a sauran birane. A Oktoban 2006 Malam Nasiru El-Rufa'i, yana ministan Abuja, ya kori acaɓa daga tsakiyar birnin. Fatakwal ta bi sahu a zamanin Gwamna Amaechi. A Yulin 2011 aka hana babur a Maiduguri saboda masu kai hari a kansa. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana goyo a babur. Kowace jiha tana da hujjarta, kuma wasu hujjojin na jini ne, ba wanda zai musa. Sai dai babur ɗin da aka kora ba ƙonewa yake yi ba. Ana ɗora shi ne a kan tirela tare da shanu ko buhunan wake, a nufi inda ba a hana ba tukuna. Kowane gwamna ya share gidansa ya zuba sharar a ƙofar maƙwabci, Legas kuma ita ce ƙarshen layi, daga ita sai teku.

Dokar da ta taɓa kowane ɗan acaɓa a ƙasar nan ita ce ta hular kwano, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilastawa ranar 1 ga Janairun 2009. Ina ƙarami a lokacin, amma yayyena suna ba da labarin har yau suna dariya. Hula ta yi tsada ta kuma yi wuyar samu, sai wasu suka kifa ƙwarya a kai suka ɗaure da igiya, wasu bokitin fenti, wasu hular leburorin gini. Fasinjoji kuma suka ƙi sawa, wai ana asiri a cikinta, kana sawa ka ɓace. Doka ce mai kyau, don ba ƙaramin rai take ceta ba, amma an kawo ta ba shiri, bayan 'yan watanni kowa ya watsar.

Babbar dokar ita ce ta zirga-zirgar titi wadda Gwamna Fashola ya sa wa hannu a watan Agustan 2012. Ta hana acaɓa bin tituna 475, haɗe da manyan hanyoyi da gadoji. Ta hana ɗaukar fasinja fiye da ɗaya, ta hana ɗaukar mai ciki da ƙaramin yaro. Ta kuma yi maganar girman inji, cewa babur ɗin da bai kai cc 200 ba kada ya hau babban titi, alhali Bajaj ɗin da kowa ke hawa cc 100 ne. An yi zanga-zanga, an farfasa motocin BRT, an kama babura ba iyaka. Bayan an kwana biyu sai abin ya lafa, babura suka dawo titunan da aka hana, illa dai yanzu akwai kuɗin da ake miƙawa a hanya. Abin da na lura da shi ke nan tun ina yaro: duk dokar da ba za a iya tsayawa a kanta kullum ba, kasuwa take zama ga mai kamu. A 2013 kuma aka hana molue tsallaka gada zuwa tsibirin Legas, shi ma ya fara ɓacewa. Gwamna Ambode ya sake sabunta dokar a 2018.

Kada mai karatu ya ɗauka ina wanke 'yan uwana ne. Wallahi akwai laifinmu, kuma babba. Yaro zai sauka daga tirela yau, gobe ya hau babur, bai san alamar titi ko ɗaya ba, ba lasisi, ba lamba. Bin hannun da ba naka ba ya zama kamar ado. In mota ta taɓa ɗaya, sai hamsin su taru a kan direba kafin a tambayi wa ke da gaskiya. A asibitin ƙashi na Igbobi akwai ɗakin da mutanen gari suka laƙaba wa sunan okada, saboda yawan masu karaya. A watan Maris na 2016 rikici ya ɓarke a nan Mile 12 da Agiliti tsakanin Hausawa da Yarbawa, kuma mafarinsa ɗan acaɓa ne da ya buge wata mata. An rasa rayuka, an ƙona gidaje, gwamnati ta rufe kasuwa. Ina ajin sakandare a lokacin. Kwana da kwanaki muna ɗaki, kayan gwari na ruɓewa a rumfa, mahaifina yana zaune yana jan carbi ba ya magana da kowa. Ganganci na mutum ɗaya ya jawo wa dubban mutanen da ba su taɓa hawa babur ba.

Ana cikin haka sai ga wani sabon salo, wato haya ta wayar hannu. Uber ya shigo Legas a 2014, Taxify wanda yanzu ake kira Bolt ya biyo a 2016. Sai wasu matasa suka ce me zai hana a yi wa babur haka? Kamfanin MAX ya fara a 2015 da kai saƙo kafin ya shiga ɗaukar mutane, Gokada ya fito a 2018, ORide na kamfanin OPay ya zo a 2019. Sun sayi manyan babura masu cc 200 don su cika sharaɗin doka. Suna horar da mahayi, su ba shi riga da hula biyu, tasa da ta fasinja. Kafin ka hau ka ga sunansa da hotonsa a manhaja, ka san kuɗin da za ka biya, in ya yi maka ba daidai ba akwai inda za ka kai ƙara. Duk abin da hukuma ta shekara talatin tana cewa babu a harkar acaɓa, ga shi an kawo. Yaya ma ya so shiga ɗaya daga cikinsu, rashin lasisi da rashin karatun boko suka hana shi. Na tuna har ya fara tara kuɗin lasisin.

A 2019 aka yi ta zama tsakanin kamfanonin da gwamnati a kan yadda za a ba su izini, har jaridu suka ruwaito ana maganar Naira miliyan 25 a shekara a kan kowane babur 1,000. A watan Agustan shekarar kuma aka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48, aka tsare su, aka yi ta yaɗa hotunansu kamar an kama mayaƙa. Da aka bincika ba a same su da komai ba, aka sake su. Mutanen jiharmu ne, neman abinci ya kawo su. Amma abin ya nuna irin tsoron da ke zukatan masu gari, kuma in ka duba da idon adalci, tsoron yana da tushe: mutane na shigowa ɗari-ɗari, ba wanda ya san sunansu ko inda suke kwana.

Ranar 1 ga Fabrairun 2020 Gwamna Sanwo-Olu ya hana acaɓa da keke a ƙananan hukumomi 6 da yankunan raya ƙasa 9, da manyan hanyoyi da gadoji. Kwamishinan yaɗa labarai Gbenga Omotoso ya ce daga 2016 zuwa 2019 an samu haɗurra sama da 10,000 a manyan asibitocin gwamnati kaɗai, mutum sama da 600 sun mutu. Hanin bai bar kowa ba. Mai manhaja da hula biyu da lasisi, da yaron da ya sauka daga tirela jiya, duk kuɗin goro aka yi musu. Gwamnati ta ce ai maganar cc 200 ta masu kai saƙo ce. Ranar Litinin ta farko mutane suka yi ta tafiyar ƙasa a Ikeja da Apapa da Obalende, motocin bas 65 da aka ce an ƙara ba su kai ko'ina ba. Gokada ya sallami yawancin mahayansa ya koma kai kaya, ORide ya dakatar da ɗaukar fasinja a shekarar. Yaya ya ce da ni, "Ƙanena, ka ga masu lasisin ma an kore su, to ni in yi don me?" Kuɗin da ya tara ya aika gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru wata shida bayan haka. A watan Agustan 2020 gwamnatin nan dai ta zauna da kamfanonin motocin haya na waya. Da farko ta nemi kashi 10 cikin 100 na kowace tafiya, aka yi ciniki, aka tsaya a kan Naira 20 duk tafiya, da kuɗin lasisi, da sharaɗin ba da bayanan direbobi. A 2022 ma ta fito da nata mai suna LagRide. Ashe dai ana iya zama a daidaita. Mota mai na'urar sanyaya ɗaki ta samu kujera a teburin shawara, babur ɗin talaka bai samu ba.

A watan Mayun 2022 wasu 'yan acaɓa suka kashe wani matashi mai aikin kayan sauti a Lekki, suka ƙona shi, a kan gardamar Naira 100. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan ba abin da zai kare shi. Gwamna ya sanar da cikakken hani daga 1 ga Yuni a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, kuma wannan karon har fasinja ana kamawa. A 'yan kwanakin farko aka niƙe babura sama da 2,000 a gaban 'yan jarida. Ranar 1 ga Satumba aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Kosofe nan ce ƙaramar hukumarmu. Hanin da muke ji a rediyo ya iso ƙofar rumfa, kuma a nan babur ɗin Yaya ya tafi. Ban san ko an niƙe shi ko an sayar ba. Mai babur dai bai yafe ragowar kuɗinsa ba, mahaifina ne ya cike.

In za a yi gaskiya, gwamnatin Legas ta yi aiki a ɗaya ɓangaren. BRT ta fara a Maris na 2008, kuma layin farko daga nan Mile 12 ya tashi zuwa CMS. A 2021 aka kawo ƙananan bas na shiga unguwa. Jirgin ƙasa na Blue Line ya fara ɗaukar fasinja a Satumbar 2023 daga Marina zuwa Mile 2, shekara 40 cif bayan na Jakande. Red Line ya biyo a 2024. Da an bar na 1983 ya tabbata, Allah kaɗai ya san ko acaɓa zai yi ƙarfin da ya yi. Amma jirgi ba ya shiga lungu. Matar da ta sayi kwandon tattasai a rumfarmu da asuba tana bukatar abin da zai kai ta ƙofar shagonta, a layin da ruwa ya cinye. Muddin wannan bukata na nan, wani zai fito ya biya ta, da izini ko ba izini. Shi ya sa har yanzu in ka zagaya za ka ga babura, sai dai kuɗin hawa ya ƙaru, mahayin kuma a firgice yake tuƙi yana waige, wanda hakan ma wani haɗarin ne.

Abokan mahaifina da ke zuwa sarin kaya Kwatano suna ba mu labarin 'yan acaɓan can da ake kira zemijan. Kowa da rigarsa ruwan ɗorawa, da lamba ɓaro-ɓaro a bayanta. Ba wai sun fi mu hankali ba ne, su ma suna da nasu haɗurran. Amma an san su. In mutum ya yi laifi lambarsa za a nema, ba ƙabilarsa ba. Mu nan kullum 'yan tikiti na karɓar kuɗi a hannun ɗan acaɓa safe da yamma, shekara da shekaru, amma ba a taɓa haɗa cikakken littafin da ke ɗauke da sunan kowa da hotonsa da mai tsaya masa ba. An iya karɓar kuɗinsa, ba a iya rubuta sunansa ba.

Don haka kirana biyu ne. Ga hukuma, duk sabon abin hawan da ya ɓullo, ko babur mai lantarki ne ko wani abin da ba mu gani ba tukuna, a tare shi tun yana ƙarami. A yi rajista, a yi gwaji, a ba da lamba, a faɗi titin da zai bi da wanda ba zai bi ba, a hukunta mai laifi shi kaɗai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga namu kuma, sarakunan Hausawa na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da shugabannin tashoshi, kada mu jira sai an yi mana. Yaron da ya sauka yau a san wanda ya kawo shi, a koya masa titi kafin a ba shi makulli, a gaya masa garin mutane ne, kuma taron dangi a kan direba ba jarumta ba ce. Gwamnoninmu na gida su ma su ji kunya, don ba daɗi ne ke sa matashi ya kwana biyu a kan buhun wake zuwa Ikko ba.

Yaya yana gida yanzu, yana noman rani a fadama. Kwanakin baya mun yi waya na ce masa hularsa fa tana nan. Ya yi dariya ya ce in ajiye masa, wai ko Allah zai sa wata rana a kira su a ba su lamba.

Allah ya tsare mu a kan hanya, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.